Ɗalibin Zango Tsakanin Jami'a da Gida: Nazari kan Nima, Maamobi da Agbogbloshie

Tun shekarar 2017, lokacin da gwamnatin Nana Akufo-Addo ta mayar da karatun babbar sakandare kyauta a Ghana, ƙofar jami'a ta ƙara buɗewa ga 'ya'yan zango na birnin Accra, wato unguwannin da fatake da malamai Musulmi daga arewa suka kafa, irin su Nima, Maamobi da Sabon Zango, inda Hausa ta zama harshen hulɗa tsakanin Hausawa, Dagombawa, Zabarmawa da Fulani. Tushen sauyin ya girmi shekarar 2017, domin kafa Sashen Ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta ƙasa a 1987 ya shigar da makarantun Islamiyya cikin tsarin gwamnati, ana koyar da Larabci da Turanci tare, lamarin da ya rage fargabar iyaye cewa boko hanya ce ta barin addini.

Sai dai samun gurbin karatu bai zo da wurin kwana ba. Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda aka kafa a 1948, ta daɗe da cika ta batse, ɗakunan kwananta ba sa ɗaukar duk waɗanda ta karɓa, masaukan 'yan kasuwa da ke kewaye da ita kuwa sun fi ƙarfin aljihun mai sayar da koko ko ɗan tireda, musamman bayan hauhawar farashin da ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen 2022. Saboda haka ɗalibai da dama daga Nima da Maamobi suna kwana a gida, su fita bayan sallar asuba su shiga layin turoturo, wato ƙananan motocin haya na birnin, su dawo da dare cikin gidan haya mai tsakar gida ɗaya da iyalai da yawa, inda ba a samun shirun da bitar darasi ke buƙata sai dare ya raba.

A nan ne kusancin gida ke zama nauyi. Ɗalibin da ke Kumasi ko Tamale yana da uzurin nisa, amma wanda ke Legon ba shi da hujjar ƙin halartar suna, ɗaurin aure ko sadakar arba'in, kuma rashin ganinsa akan fassara shi da girman kai irin na ɗan boko. Bayan haka, shi ne mai karatun gida: shi ke cike takardun katin shaidar ɗan ƙasa da na inshorar lafiya, shi ke raka tsoho asibitin Korle Bu don ya yi wa likita bayani da Turanci, shi ke duba aikin makarantar ƙannensa. Nauyin ya fi yawa a kan 'ya mace, wadda sau da yawa sai ta taya uwa dafa wake da shinkafa na sayarwa kafin ta fita. Babban saɓanin yana cikin yadda ake lissafin lokaci, domin iyayen da ba su yi jami'a ba sukan ɗauki zama a aji kaɗai a matsayin karatu, sa'o'in ɗakin karatu da rubuta bincike kuwa su gan su a matsayin sararin da za a iya aiken yaro a cikinsa. Ba rashin son ilimi ba ne, tunda su ne ke shiga adashi don biyan kuɗin makarantar.

Lamarin kasuwar Agbogbloshie da ke Accra ya sha bamban, domin yawancin masu sana'ar doya, albasa da gwangwan a wurin sun fito ne daga arewacin Ghana, gidansu ya rabu biyu tsakanin Accra da arewa. Rushe filin gwangwan da mayar da 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku a Yulin 2021 ya girgiza kuɗin shigar iyalai da yawa, kuma tun da kamfanin MTN ya fara aika kuɗi ta waya a 2009, wayar da ke kawo wa ɗalibi guzuri ita ce kuma ke kawo masa buƙatun dangi daga Yendi ko Savelugu.

Gwamnati ta kafa Asusun Raya Zango a 2017, ta cire sharaɗin mai tsaya wa ɗalibi wajen karɓar rancen karatu a 2022, sannan a 2025 gwamnatin John Mahama ta ɗauki nauyin kuɗin karatun 'yan shekarar farko a manyan makarantun gwamnati. Waɗannan matakai sun sauƙaƙa shiga jami'a, amma kuɗin ɗaki, wanda shi ne ke ba ɗalibi iko da lokacinsa, har yanzu yawanci daga aljihun iyali yake fitowa.