Wa Ya Biya Kuɗin Binciken? Riƙon Amana a Ilimin Gyaran Ƙashi

A ƙauyukan Gezawa, idan mutum ya faɗo daga babur ko bishiya ya karye, ɗayan biyu ne: ko a kira mai ɗori, ko a nufi Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959. Sai dai magungunan da likita zai bayar, da wasu daga cikin ƙarafan da zai haɗa ƙashi da su, sai da aka gwada su a jikin waɗansu mutane tukuna. To, wa ke biyan kuɗin wannan gwaji?

Kuɗin bincike kan fito daga gwamnati, ko gidauniyoyin taimako, ko kamfanonin da ke sayar da kayan. Karɓar kuɗin kamfani ba laifi ba ne, domin bincike na da tsada. Amma Bahaushe ya ce, in baki ya ci, ido kan ji kunya.

Dubi abin da ya faru a Amurka. Kamfanin Medtronic ya fito da Infuse, sinadari mai sa ƙashi ya tsiro bayan aikin ƙashin baya. A 2011 mujallar The Spine Journal ta sake nazarin rahotanni 13 da kamfanin ya ɗauki nauyinsu, ta ga babu wanda ya bayyana illar sinadarin, alhali kuwa akwai ta. A 2012 wani kwamitin Majalisar Dattijan ƙasar ya gano cewa kamfanin ya biya likitocin da suka rubuta rahotanni a kansa kimanin dala miliyan 210 cikin shekara 15.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka shigar, 11 suka rasu: 5 cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 cikin waɗanda aka ba wani maganin. Tun kafin nan an san dangin Trovan na ɓata guringuntsin gaɓoɓin ƙananan dabbobi. Iyaye sun ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya musanta aikata laifi. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Ƙa'idojin a fili suke cikin Sanarwar Helsinki da aka fara fitarwa a 1964 aka kuma yi ta sabunta ta, Nijeriya ma ta fitar da nata kundin a 2007. Wajibi ne kwamitin ɗa'a ya amince kafin a fara. Wajibi ne a yi wa majiyyaci ko iyayensa bayani da harshen da suke ji, su yarda ba tare da tilas ba, su kuma iya janyewa. Wajibi ne mai bincike ya bayyana wanda ya ba shi kuɗi, ya buga sakamako ko da bai yi wa kamfani daɗi ba.

Saboda haka, ɗalibai da malamai, duk rahoton kimiyyar da ya zo hannunku, ku duba ƙarshensa inda ake ambaton masu ɗaukar nauyi, sa'an nan ku auna abin da ya ƙunsa.