Kitsen Jiki da Ƙarfin Ƙashi: Me Ya Haɗa Su?

'Yan'uwa, da yawanmu a Romi mun san wata mama da santsi ya kwashe ta a banɗaki, faɗuwa kaɗan, amma sai ga karaya a ƙugu ko a wuyan hannu. Mukan ce tsufa ne. Sau da yawa kuwa zaizayewar ƙashi ce, cutar da ke cin ƙashi ta ciki kamar yadda gara ke cin katako, babu zafi har ranar da ya karye.

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum wasu ƙwayoyin halitta suna rushe tsohon ƙashi, wasu suna gina sabo. Bayan shekara 30 ginin yakan fara ja baya, kuma idan mace ta daina al'ada rushewar takan yi sauri, domin sinadarin estrojin da ke kare ƙashi ya ragu.

To ina ruwan kitse? Kitse ba ajiya ba ne kawai, yana sakin furotin cikin jini. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano leptin, a 1995 kuma aka gano adiponektin. Leptin yana ƙaruwa da yawan kitse. Adiponektin kuwa ya fi yawa a jinin siraran mutane, kuma bincike ya nuna masu yawansa sun fi samun ƙashi marar kauri, musamman matan da suka daina al'ada. Kitse yana kuma samar da ɗan estrojin. Wannan na cikin dalilan da suka sa ramammiyar tsohuwa ta fi shiga haɗarin karaya.

Amma kada mu ce ƙiba magani ce. Kitsen tumbi yana jawo ciwon suga da hawan jini, mai ƙiba ma yana karyewa.

Me za mu yi? Mu ba iyayenmu nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙashinsu. Su sha hantsi, su riƙa tafiya a ƙasa. Mu gyara wurin wanka. Idan mama ta fara ranƙwafawa, tsawonta na raguwa, ko ta karye a ƙaramar faɗuwa, kada mu tsaya ga mai ɗori kaɗai. Mu kai ta asibiti, mu tambayi likita batun awon ƙarfin ƙashi.