Kalmar "Jahilci" da Matsalar Jawo Manya Zuwa Ajin Karatu

Tun daga shekarun 1950, lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar koya wa manya karatu da rubutun boko, sunan da aka raɗa wa aikin shi ne Yaƙi da Jahilci. Hukumar NORLA da ke Zariya ta tallafa masa da littattafai da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, kafin a rushe ta a 1959. A 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa tata a 1990. Duk da haka, sunan na farko shi ne ya zauna a bakin jama'a. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa sunan kansa yana cikin abubuwan da ke hana manya zuwa aji.

A wurin Bahaushe, jahili shi ne wanda bai san addininsa ba, ko kuwa wanda ba ya jin magana. Saboda haka mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami, ba zai yarda ya zauna a inda zamansa ke nufin ya amsa wannan suna ba, balle a gaban 'ya'yansa da maƙwabta. Sau da yawa abin da malamai ke ɗauka ƙyuya ce, kare mutunci ne.

Alhali kuwa irin wannan mutum ya riga ya ci rabin tafiya. Ya san baƙi, ya san wasali, ya san haɗa su. Malamin da ya fahimci haka sai ya fara daga abin da ɗalibinsa ya sani, watau ya nuna masa fataha ita ce a, kisira ita ce i, rufu'a ita ce u, imala kuma e. Abin da ya rage kaɗan ne: bambanta o da u, waɗanda ajami kan rubuta da rufu'a ɗaya, da fara layi daga hagu, da manyan baƙaƙe, da ƙa'idar raba kalmomi.

Don haka ya kyautu a riƙa kiran ajin da sunan ƙarin ilmi, a ware masu ajami daga waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba, a kuma tsara lokaci yadda ba zai ci karo da damina ko ranar kasuwa ba. Bugu da ƙari, a tanadi abin karantawa da ya shafi sana'arsu, kamar takardar taki da ta asibiti da saƙon waya, domin karatun da ba a amfani da shi yakan zube.

Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi. Aikin da ke kanmu, mu malaman harshe, shi ne mu samo wa ajin sunan da mai gemu zai iya faɗa a zaure ba tare da ya ji kunya ba.