Yadda Ɗan Haya Zai Karɓo Kuɗin Ajiyarsa Idan An Zaftare Su Ba Bisa Ƙa'ida Ba

POTISKUM: Tun bayan da aka ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Borno a ranar 27 ga Agusta, 1991, garin Potiskum ya ci gaba da zama babbar cibiyar ciniki a jihar, saboda kasuwannin shanu da na hatsi, da kuma matsayinsa a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Wannan ne ya sa fatake da 'yan kasuwa suke yawan kama hayar shaguna da sito-sito da gidajen kwana a garin.

Baya ga kuɗin haya da la'adar dillali, wasu masu gidaje sukan karɓi kuɗin ajiya domin gyara duk wata ɓarna da ɗan haya zai yi. Rigima takan tashi ne ranar tashi, sa'ad da mai gida ya riƙe kuɗin duka ko ya yanke wani kaso.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, kuɗin ajiya ba sa cikin kuɗin haya. Amana ce a hannun mai gida, kuma mallakar ɗan haya ce har sai an tabbatar da ɓarna ko bashi a kansa. Mai gida yana da ikon cire kuɗin ƙofar da aka karya, ko bashin haya, ko kuɗin wuta da ruwa da ba a biya ba. Amma dusashewar fenti, da tsufan kwanon rufi, da tsagewar bango saboda damina, duk lalacewa ce ta yau da gobe, kuma gyaranta yana wuyan mai gida.

Fiƙihun Malikiyya ma a kan haka yake: ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Kuma wanda ya yi da'awar ɓarna, shi ne zai kawo hujja.

Alal misali, idan ɗan kasuwa ya ajiye Naira 50,000, kuma gyaran ƙofar da ya karya ya ci Naira 12,000, to, Naira 38,000 hakkinsa ne, ko da mai shagon yana son sake fenti domin sabon ɗan haya.

Matakin farko shi ne ɗan haya ya tattara takardar yarjejeniya, da rasit na ajiyar, da shaidun da aka yi maganar a gabansu. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda kotu ta karɓi hujjar da ta fito daga na'ura, saboda haka hotunan waya da shaidar tura kuɗi ta banki suna da amfani, muddin an cika sharuɗɗan dokar.

Daga nan sai ya rubuta wa mai gida takarda yana neman bayanin abin da aka cire dalla-dalla tare da rasit na gyaran, ya ba da wa'adi, ya kuma ajiye kwafe.

Idan hakan bai yi ba, sai a nemi sulhu ta hannun dillalin da ya haɗa cinikin, ko mai unguwa, ko shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa. Sulhu ya fi sauƙin kuɗi, kuma ba ya ɓata hulɗa. In sulhu ya faskara, sai a shigar da ƙara a kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci. Bai kamata ɗan haya ya riƙe mabuɗi ko ya cire wani abu daga ginin don ramuwa ba, domin yin haka zai mai da shi mai laifi.

A Ingila, tun daga 2007 doka ta tilasta wa masu gidaje su kare kuɗin ajiya a ƙarƙashin wani tsari da gwamnati ta amince da shi, mai raba gardama idan an sami saɓani. A Potiskum kuwa, kuɗin suna zama ne a hannun mai gida, saboda haka babbar kariyar ɗan kasuwa ita ce a zagaya ginin tare ranar shiga da ranar fita, a rubuta halin da yake ciki, kowa ya sa hannu a gaban shaidu.