Myrath: 'yan Tunisiya da suka koya wa kiɗan ƙarfe harshen gida

Duk wanda ya yi karatun rabon gado a zaure ya san kalmar mirasi. To ita ce sunan da wasu mawaƙa 'yan Tunisiya suka zaɓa wa ƙungiyarsu: Myrath, wato gado. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne irin kiɗan da suke yi. Ba ud da tafi ba ne kawai. Kiɗan metal ne, wanda za mu iya kira kiɗan ƙarfe, mai rugugin gitar lantarki da gangunan da ke dukan ƙirji, irin wanda idan yaro ya kunna a gida tsoho zai tambaya ko janareta ce ta lalace.

Asalin wannan kiɗa Ingila ne. A garin Bamingam mai masana'antu ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970, kuma mai kaɗa mata gita, Tony Iommi, inji ya taɓa datse masa kan yatsu biyu a wurin aiki. Daga baya kiɗan ya yi rassa. A Jamus, ƙungiyar Helloween ta garin Hambug ta kafa reshen da ake kira fawa metal (ba fawar mahauta ba, ƙarfi ake nufi) da faya-fayanta na 1987 da 1988: gudu kamar sukuwar doki, murya can sama, da amshi wanda dubban mutane za su iya rerawa tare. A Amurka kuwa su Dream Theater suka bi hanyar furogiresif metal, wato mai sarƙaƙiya.

Wannan na biyun shi ya fi wuyar bayani, amma bari in gwada yadda nake yi wa ɗalibai a aji. Yawancin waƙoƙin da muke ji a rediyo, idan ka bi su da tafi za ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka sake komawa. Masu sarƙaƙiya sai su ƙirga bakwai, su koma biyar, su dawo huɗu, duk a cikin waƙa ɗaya, kuma dole mai ganga da mai gita da mai madannai su sauka wuri guda. Waƙar tana iya tsawo har ka manta farkonta. Ƙungiyar Symphony X, wadda Michael Romeo ya kafa a jihar Niyu Jasi a 1994, ita ta yi fice wajen haɗa rassan biyu. A faifanta na 2002 akwai waƙa guda mai minti 24 a kan labarin Odisiyos na Girkawa.

Waƙoƙin Symphony X ɗin ne wani yaro mai suna Malek Ben Arbia da abokansa suka yi ta kwaikwayo a Ezzahra, kusa da birnin Tunis, bayan sun kafa ƙungiya a 2001 da sunan Xtazy. A 2006 suka samu damar buɗe wani biki a tsohon dandalin Kartaj, inda Robert Plant na Led Zeppelin ya yi wasa. A can suka haɗu da Kevin Codfert, Bafaranshe mai kaɗa madannai a ƙungiyar Adagio, wanda ya zama mai tsara musu faya-fayai. Faifansu na farko da sunan Myrath, Hope, ya fito a 2007 ta hannun wani kamfanin Faransa. A gaskiya idan ka saurare shi, almajirai ne masu hazaka da ke maimaita karatun malaminsu.

Canjin ya zo ne bayan shigowar mawaƙi Zaher Zorgati. A Desert Call na 2010, sannan musamman Tales of the Sands na 2011, sai darbuka da gogen Larabawa suka daina zama ado, suka koma ginshiƙi. Zorgati na iya ɗaga murya kamar mawaƙin Jamus, sai kuma ya karya ta ya lanƙwasa irin na mutanen Magrib, wani lokaci da Turanci, wani lokaci da Larabcin Tunisiya. Nan ne aikin yake. Gitar lantarki an gina ta ne a kan ma'aunin sautin Turawa, kiɗan Larabawa kuwa yana da lanƙwasar da ba ta son a matse ta. Sa su zauna lafiya cikin waƙa ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma da yawa da suka gwada sun ƙare da kiɗan fim ɗin Aladin. A 2016, shekarar da Legacy ya fito, Myrath ta zagaya Turai tare da Symphony X ɗin da take kwaikwayo a da.

Sai dai ba fasaha kaɗai ce matsalar ba. A Arewacin Afirka wannan kiɗa ya taɓa kai mutane kurkuku. A 1997 'yan sandan Masar sun kama matasa da dama masu sauraronsa bisa zargin bautar Shaiɗan. A 2003 wata kotu a Kazablanka ta ɗaure mutum 14, makaɗa da magoya baya, kafin jama'a su yi zanga-zanga a sallami akasarinsu a ɗaukaka ƙara. Ba za a ce zargin ya faɗo daga sama ba: akwai ƙungiyoyin metal a Turai da ke tinƙaho da alamomin Shaiɗan da cin zarafin addini, kuma ni kaina ba zan so in ji su a wayar ɗalibina ba. Amma sunan metal rumfa ce babba. Waƙoƙin Myrath sun fi karkata ga juriya, bege, kewar gida da tatsuniyar sahara. Batun matsayin kiɗa a shari'a kuwa na malamai ne, kuma saɓaninsu a kai ya girmi gitar lantarki da ɗaruruwan shekaru.

Inda nake da ƙorafi a kansu daban ne. Daga Legacy zuwa Shehili na 2019, wanda aka raɗa wa sunan iskar zafi da ke kaɗowa daga sahara, har zuwa Karma na 2024, waƙoƙin sun gajarce, lissafin ya yi sauƙi, amshin ya ƙara zaƙi. Ɓangaren fawa ya rinjayi na sarƙaƙiya. A dandali kuma suka ƙara 'yan rawa da mai wasan rufa-ido da kayan ado irin na Dare Dubu da Ɗaya. Turawa na so, filaye na cika, amma wani lokaci sai ka ji kamar ana sayar musu da Gabas ɗin da suka riga suka zana a ransu ne. Duk da haka, a Shehili ɗin ne suka gayyato Lotfi Bouchnak, dattijon waƙar gargajiyar Tunisiya, ya rera tare da su, kuma muryarsa ba ta nutse a ƙarƙashin gitar ba.

Mu nan Nijar mun ga kwatankwacin haka da Bombino na Agadas da Mdou Moctar, waɗanda suka ɗora salon Abzinawa a kan gitar lantarki har duniya ta saurara, kodayake nasu ba metal ba ne. Wanda ke son ya gwada Myrath, ya fara da Tales of the Sands, ya rage ƙarar wayar, ya bi darbuka da tafi ya ga ko zai iya riƙe ƙirgar.