Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Tayar Da Fuka Lokacin Sussuka?

Wani manomi daga Malumfashi ya aiko da wasiƙa, yana tambayar me ya sa da an fara sussukar dawa, ko hunturu ya kama, fuka ke hana ɗansa barci, alhali sa'o'insa suna nan lafiya lau.

To Malam, ga bayani. A jinin kowa akwai dakarun da ke kare jiki. Ɗaya daga cikinsu likitoci na kiransa IgE, wanda wasu masana 'yan Japan, miji da mata masu suna Ishizaka, suka gano a Amurka a 1966. Aikinsa na asali yaƙi da tsutsar ciki. Amma a jikin wasu mutane sai ya ɗauki ƙaiƙayi, ko funfunar rumbu, ko kashin kyankyaso, tamkar abokin gaba. Da an shaƙa, sai hanyar numfashi ta kumbura, ta tsuke, majina ta cika ta. Shi ne wannan kukan da kake ji a ƙirjin yaro. Ana iya gadon ciwon, amma ba a ɗaukarsa daga wani.

Maganin shaƙa iri biyu ne. Akwai Ventolin, mai buɗe hanya nan take idan ciwo ya taso. Akwai kuma na kullum, irin su beclometasone, mai kwantar da kumburin. Da yawa sukan riƙe na farko su watsar da na biyu da zarar an ji sauƙi, nan ne kuwa hatsarin yake.

Ga wanda ciwonsa ya gagari waɗannan, akwai allurar omalizumab, wadda Amurka ta amince da ita a 2003. Ita takan kama IgE ta ɗaure shi. Ana yin ta duk mako 2 ko 4, tana da tsada ainun, kuma sai ƙwararren likita ya auna jini, kamar a Asibitin Koyarwa na Shika.

Kafin nan, ka raba yaron da masussuka da hayaƙin murhu, ya rufe hanci idan zai ratsa ƙurar kasuwar Funtuwa. In ka ga ya kasa haɗa magana saboda haki, ko Ventolin bai yi aiki ba, kada a jira gari ya waye, a garzaya asibiti.

Allah Ya ba shi lafiya, amin.