Kafin Ka Amsa Gayyatar Zamiya a Tsaunukan Alps

Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Mayu na kowace shekara, dubban mutane kan ɗaura allunan zamiya a ƙafa su kutsa cikin tsaunukan Alps da ke tsakanin Faransa da Suwizalan da Italiya. Sukan yi kwanaki suna ratsa dusar ƙanƙara, suna kwana zango-zango. Hotunan da suke sakawa a Instagram da YouTube akwai ɗaukar ido. Yanzu kuwa da 'ya'yanmu suka yawaita a Turai wajen karatu da neman abinci, ba wuya abokin karatu ko na wurin aiki ya ce wa ɗanmu, "Zo mu je tsauni hutun nan." Kafin a ce to, akwai abubuwan da ya wajaba a sani.

Zamiyar nan iri biyu ce. Akwai wadda ake yi a filin da aka tanada, inda motoci ke daddale dusar kowane dare, an kakkafa sanduna masu launi a gefe, ma'aikata kuma kan tayar da nakiya da sassafe su zubo da duk dusar da ke barazanar zaftarowa kafin a buɗe wa jama'a. Akwai kuma wadda ake yi bayan an ƙetare sandunan nan. A can ba mai gyara hanya, ba mai share haɗari. Taku goma kacal na iya raba wuraren biyu. A gefen irin wannan fili ne shahararren direban tseren mota, Michael Schumacher, ya faɗi kansa ya bugi dutse a Méribel ta Faransa ranar 29 ga Disamba, 2013, duk da hular kwano da ke kansa. Yarima Friso na Holan ma barin filin ya yi a Lech ta Ostiriya a Fabrairun 2012, dusa ta binne shi, bai sake farfaɗowa ba har ya rasu a Agustan 2013.

Mafi shahara a tafiye-tafiyen zango-zango ita ce Haute Route, daga Chamonix a gindin Mont Blanc zuwa Zermatt a gindin Matterhorn. Turawan Ingila ne suka fara ratsa ta da ƙafa a 1861, masu zamiya suka bi sawu a 1911. Tafiyar ta haura kilomita 100, kuma takan ci kwana shida zuwa bakwai. Ba motar igiya da za ta kai ka mafi yawan wuraren, da ƙarfinka za ka hau. Idan za a haura, ana manna wani ƙyalle mai gashi a ƙasan allon, gashin ya kwanta ta gefe guda, ya bar allon ya sulale gaba ya hana shi komawa baya. In an kai tudu sai a ɓare ƙyallen, a naɗe, a cusa cikin riga don kada danƙon ya daskare, sannan a gangara.

Zangunan gidaje ne na dutse da katako, wasu a tsayin da ya wuce mita 3,000, kamar na Vignettes. Kana shiga za ka tuɓe takalmanka a zaure, ka rataye gatarin ƙanƙara, ka zura silifa. Abinci lokaci guda ake ci, kwana kuma a jere a ɗaki ɗaya. Tun da asuba ake tashi a kama hanya da fitila a goshi, domin da zarar rana ta ɗaga dusar kan yi laushi ta fara saki.

Babban abin tsoro shi ne zaftarewar dusa. Dusar kan kwanta ne hawa-hawa, kowace zuba da nata shimfiɗin. Idan iska ta tara mai tauri a kan wata mai gari-gari, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsage ta, gangaren gaba ɗaya ya taho. An fi samun haka a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, wanda kuma shi ne ya fi daɗin zamiya. A Alps kaɗai, kimanin mutum 100 ke mutuwa ta wannan hanya a shekara, kuma a kusan tara cikin goma, wanda abin ya ci ko wani a ayarinsa ne ya tayar da ita. Dusar da ta tsaya kan yi tauri nan take, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa. In an tono shi cikin minti 15 na farko, galibi yakan rayu. Bayan minti 35, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ke da sauran numfashi. Jirgi mai saukar ungulu ba safai yake isowa cikin wannan taƙi ba, don haka abokan tafiya ne masu ceto. Shi ya sa kowa ke ɗaure da 'yar na'ura a ƙirji mai aika sigina, da sandar ƙarfe mai naɗewa ta caka dusa, da shebur. Na'urar da ba a koyi aiki da ita ba kuwa ado ce kawai.

Ƙasashen Turai na fitar da hasashen haɗarin zaftarewa kullum a ma'auni 1 zuwa 5. A Suwizalan cibiyar SLF da ke Davos ce ke wannan aiki. Baƙo kan ɗauka mataki na 3 tsaka-tsaki ne, alhali a nan ne kusan rabin mace-macen ke aukuwa, saboda a mataki na 4 da na 5 yawancin mutane gida suke zama.

Sai ramukan da ke cikin daskararriyar ƙanƙara, masu zurfin mita gommai, waɗanda dusa kan rufe bakinsu har ba a gani. Sai kuma hadari. Ranar 29 ga Afrilu, 2018, guguwa ta ritsa da mutum 14 a kusa da Pigne d'Arolla suna neman zangon Vignettes. Sama da ƙasa suka haɗe suka zama fari fat, suka kwana a fili. Bakwai suka mutu, har da ja-gaban da ke cikinsu, alhali tazarar 'yan mitoci ɗaruruwa ce tsakaninsu da ƙofar zangon. Hangen Dala ba shiga birni ba. A Maris na 2024 ma mutum shida, biyar daga cikinsu 'yan gida ɗaya, sun halaka a kusa da Tête Blanche bayan sun baro Zermatt.

Mutuwar ja-gaba a Pigne d'Arolla ba ta nufin ja-gaba ba shi da amfani. Tafiya ba tare da shi ba ganganci ce. Chamonix na da ƙungiyar ja-gabanni tun 1821, kuma ƙwararren ja-gaba yana ɗauke da shaidar IFMGA, ƙungiyar duniya da aka kafa a 1965, shaidar da sai an yi shekaru ana horo ake samu. Nemi ganin shaidar kafin ka biya kuɗi. Amma shi ma mutum ne, bai da iko da iska. Mafi alherin abin da zai yi maka wata rana shi ne ya ce a juya. In ya faɗi haka kada ka tsaya lissafin kuɗin da ka kashe, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Akwai gargaɗin da ya shafe mu fiye da Turawa. Daga mita 2,500 iskar shaƙa kan ragu, mai lafiya ma yakan yi ciwon kai da amai da rashin barci. Ga mai sikila wannan na iya tayar da ciwon gadan-gadan. Mai rukunin jini AS ma, wanda bai taɓa jin komai ba, saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tsayi idan aka haɗa da wahala da ƙarancin ruwa a jiki. Ka san rukunin jininka, ka ga likita tukuna.

Duba takardar inshorarka da kyau, domin da yawa ba sa biyan abin da ya faru a wajen filin da aka tanada, kuɗin ceto da jirgi a Suwizalan kuma a kan wanda aka ceto yake. Ajiye lambar 112 a wayarka, ita ce ta neman agaji a faɗin Turai, ka kuma bar wa wani a gari bayanin hanyar da za ku bi da ranar dawowa.

Wanda bai taɓa taka allo ba, ya fara daga filin koyo, a hannun malami, a cikin sanduna. Tafiyar zango-zango ta waɗanda suka shekara da shekaru suna yi ce. Iyaye kuma, idan yaro ya bugo waya daga Turai ya ce za su tsauni, a tambaye shi: cikin fili ko wajensa, wa zai ja ku, kuma mataki na nawa aka sanar a ranar?